Gefen Fuskar Malam Otniyel

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar mai aski a Sabon Garin Zariya, daga Muchia har Jushi, ya ga fuskar Malam Otniyel, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Ɗaga kai ka dubi tsohon allon da ke rataye a ƙofar shagon. Kawuna ne a jere, kowanne da irin askinsa, wani an kwashe masa gefe, wani an tsaga masa layi, wani an yi masa tal. Amma hancin ɗaya ne, mai ɗan tudu a tsakiya. Kunnen ma ɗaya ne, ƙarami, a manne da kai. Kuma dukansu gefe suka ba ka, suna kallon hagu kamar an kira su daga can. Aikin ɗansa ne, Shekari.

Shekari bai yi makarantar zane ba, ko ƙofarta bai taɓa leƙawa ba, alhali a Samaru aka haife shi, a Hayin Dogo, inda ɗaliban jami'a suka fi kaji yawa. Da gawayin murhun uwarsa ya fara, a jikin bangon ɗaki. Ya sha dukan da ya sha, bai daina ba. Da ya gama sakandare, wani abokinsa ya buɗe shagon aski a Muchia, ya ce ya zana masa allo. Maƙwabcin shagon ya gani ya ce shi ma yana so. Shi ke nan sana'a ta kama shi. Ya samu ɗan lungu a bayan masu sayar da fenti ya kafa teburi. Kullum da safe ya hau bas daga Samaru, a bi ta Kwangila, ya sauka Sabon Gari, da yamma ya komo gida da fenti har a gira.

Matarsa Martina ce ta fara gane abin da yake yi. Ita Martina kunun zaƙi da awara take sayar wa ɗalibai, kuma bakinta ba ya barin magana ta kwana. Wata rana ta biyo ta rumfarsa, ta tsaya tana duban allunan da ya jingine suna shan iska.

"Baban Peculiar," in ji ta, don da sunan 'yarsu take kiransa, "wai kai ba ka tsoron Allah ne? Dattijo yana kwance a kabarinsa lafiya lau, ka ɗauko shi ka mai da shi ɗan tallan aski?"

Ya duba, ya sake dubawa. Kai, gaskiyarta ce! Bai taɓa nufin haka ba, amma duk kan da ya zana, ubansa ne.

Malam Otniyel mai ban ruwan furanni ne a jami'a har ya yi ritaya. Allah ya ba shi murya, don haka ran Lahadi shi ke ɗauko waƙa a cocinsu daga inda yake zaune, kowa ya bi. Ba mafaɗaci ba ne. Sai dai a gidansa, kamar kowane gida na mutunci, yaro ba ya ƙura wa babba ido. In an kira ka, ka durƙusa, idonka a ƙasa, ka ji abin da aka ce, ka tashi. Saboda haka Shekari ya san yatsun ƙafar ubansa sarai. Ya san ƙeyarsa, don ya sha goyo a keke. Ya kuma san gefen fuskarsa na hagu, domin a coci a nan ake zaunar da shi, a bakin benci, daf da hanyar da ta raba maza da mata, inda hannun uban zai kai ga kunnensa in ya yi ƙiriniya. Lahadi bayan Lahadi yana zaune a ƙarƙashin wannan hancin da wannan kunnen. Amma fuska gaba da gaba, ido cikin ido? Haba! Har ya girma, har ya yi aure, har aka kai dattijon makwancinsa, bai taɓa ba.

Hoto kuma babu. Na ranar aure gara ta cinye tun Shekari na rarrafe. Na katin aiki ya koɗe ya zama baƙin tabo. Waya mai ɗaukar hoto kuwa sai bayan rasuwarsa ta shigo gidan.

Da masu injin buga bana, wato tallar da ake bugawa a leda, suka cika Sabon Gari, aikin allo ya ja baya. Yanzu mai aski sai ya ciro hoton wani ɗan ƙwallo a waya, a buga masa a leda, damina ɗaya ta wanke shi, ya koma a sake buga masa, wai shi ya waye. Shekari bai tsaya ƙorafi ba. Dama tun da can abin da ransa ke so shi ne ya riƙa zana hotunan cikin littattafan yara da na makarantar Lahadi. Ya fara tunanin koya wa kansa, a hankali, ba gaggawa. Mahaifiyarsa ce ta kawo gaggawar.

Mama Alisabatu tana zaune tare da su a gidan da mijinta ya bari. Idonta ya daɗe yana damunta, da aka kai ta asibiti likita ya ce ba yanar ido ba ce da ake cirewa. Hawan jinin ido ne, magani sai dai ya rage masa gudu. Ganin yana tsukewa ne daga gefe-gefe, har ya zama kamar mai leƙe ta ramin ƙofa, ramin kuma kullum ƙara ƙanƙancewa yake. Ranar da suka dawo daga asibitin, ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ta kira shi. Ya zo ya durƙusa.

"Shekari, ka zana mini babanku," in ji ta. "Ba irin na masu askin nan ba, da kullum yake kallon bango. So nake ya dube ni. Na fara manta yadda yake dubana, ido kuma ka ji abin da likita ya ce."

"To, Mama," in ji shi, idonsa a kan silifas ɗinta.

Ya amsa, amma bai san ta inda zai fara ba. Mutumin da bai taɓa zana ido biyu a fuska ɗaya ba, yau an ce ya zana fuskar da bai taɓa gani ba.

Wajen Iyke ya nufa. Iyke mai sayar da tsofaffin littattafai ne a cikin kasuwar Sabon Gari, a nan aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta gado. Ya tono masa wani ƙaton littafi da ke koyar da zanen kai, bangonsa ya yage. Bayan mako Shekari ya koma ya sayi na ƙasusuwa. Ya sake komawa ya sayi na inuwa da haske. Ya kuma gano masu koyarwa a waya. Sai ka ga wani Bature mai sanyin murya ya zana ƙwai, ya raba shi da layi, kafin ka ƙifta ido ƙwan ya zama mutum, sannan ya ce wai ka gani, da sauƙi. Da sauƙi a gidan wa?

Ba a ce bai ƙaru ba. A nan ya san cewa idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama kusa da gashi ba. Ya san cewa tsakanin ido da ido akwai faɗin wani idon. Ya san kunne daga gira yake farawa ya tsaya a gindin hanci. In ya buɗe littafi ya kwaikwayi fuskar da ke ciki, tana fita tsaf. Sai dai kallon ya fi zanen yawa. Ya gama wannan bidiyon ya buɗe wancan, data ta ƙare ya sa wata.

"Kai tun safe kake kallon wani yana zane," in ji Martina, tana tace kunu. "Yaushe za a kalli naka?"

Ranar da ya sake komawa kasuwa neman wani littafin, ya ba Iyke labarin duka. Iyke ya ce ai da sauƙi, ya ɗauki madubi ya zana kansa, ya ƙara furfura. Shekari ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Shi ai ko farce bai ɗauko na ubansa ba. Faffaɗar fuskar kawunnansa ce da shi, ta gidan su Mama.

Iyke ya karɓe littafin da ke hannunsa ya mayar kan tari. "Oga Shekari, ni ɗan kasuwa ne, amma yau ba zan sayar maka ba. Na farkon da ka saya, ka gama shi? Ka je wajen Malama Adenike. A Samarunku take, tana koyar da zane a sakandare. Duk littafin da ka gani a nan ta riga ka karanta shi."

Ran Asabar da hantsi ya same ta a barandar gidanta tana tsince wake. Dattijuwa ce, ta kusa ritaya, haifaffiyar Jushi. Ta ture faranti, ta karɓi takardunsa ta baza a kan tabarma. Akwai waɗanda ya kwaikwaya daga littafi, akwai 'yan kaɗan da ya gwada yi da mutanen unguwa. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta raba na unguwar gida biyu, yara a nan, manya a can. Ta miƙa masa biro da takarda.

"Zana ni."

Ya zauna ya yi ta yi, gumi na bin ƙeyarsa. Da ya gama ta karɓa, ta yi dariya har da tafa hannu.

"Malam Shekari, ka zana sarƙar wuyana kamar za ka saya. Ɗankwalina ma ya fita. Amma wannan fuskar ta wace ce? Ta cikin littafi ce. Tun da ka zauna ban ga ƙwayar idonka ba." Ta nuna masa tarin yaran. "Dubi waɗannan, kamar su yi magana. Su kana iya kallonsu. Yanzu dubi manyan. Hula ta yi kyau, maɓalli ya yi kyau, hannu ya yi kyau, fuska kuwa ta aro ce. Da ka zo haɓa sai idonka ya zame ƙasa."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka gani? Ga shi ka sake!" in ji ta. "Ba laifinka ba ne, mu ma haka aka rene mu. Tarbiyya ce mai kyau. Amma mai zane dole ya kalla. Ka nemi izini, ka ce Baba zan kalle ka, in ya yarda, to ka kalle shi da gaske."

Ta ce ya ɗaure littattafan nan ya tura ƙarƙashin gado, ya bar ɗaya kawai, na kai, ya bi shi daga farko har ƙarshe. In ya kalli bidiyo ɗaya, ya kashe waya, kada ya sake kunnawa sai hannunsa ya yi abin da idonsa ya gani. Ta ce ya bar fensir tukuna, don mai fensir rabin ranarsa a gogewa take tafiya. Da biro, in layi ya karkace sai ka ja wani kusa da shi ka wuce. Kada ya sayi takarda mai tsada, tsoronta zai ji, ya nemi bayan tsohuwar kalanda da takardun da masu fotokofi ke zubarwa. Ya yi kullum, ko kaɗan ne, ya fi ya tara ya yi wuni guda ran Asabar. Da ta rako shi bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Kuma kallon mutumin ya fi kallon takardar yawa. Takarda ba inda za ta."

Haka Shekari ya zama abin kallo a Samaru. Kafin ya hau bas da safe sai ya zauna a bencin mai shayi, kusa da inda masu keke napep ke jiran fasinja, da biro da guntayen takardu. Ranar farko ya manta bai nemi izini ba, ya ƙura wa wani tsohon mai gadi ido.

"Kai, lafiya?" in ji tsohon. "Kake kallona kamar na sace maka akuya?"

Ya ba da haƙuri, ya yi bayani. Tsohon ya gyara hula, ya ce to a yi, amma a rage masa kunne. Daga ranar kullum sai an samu mai zama. Zanen farko-farko ba su da kyan gani ko kaɗan, wani ido a sama wani a ƙasa, baki kamar na kifi. Abin da ya fi ba shi wuya bai wuce riƙe idonsa a sama ba. Sai ya ji wuyansa na sunkuyawa da kansa, ya ɗago, ya sake sunkuyawa. A hankali ya saba. Ya fara ganin abin da littafi bai gaya masa ba. Babu fuskar da ɓangarenta biyu suke daidai. Ido ƙwallo ne a cikin rami, fatar sama tana bin sa duk inda ya juya, ta ƙasa kuma tana ɗan tattarewa in mutum na ɓoye dariya.

Malama Adenike ta ce kada ya yar da munanan, ya ajiye don ya riƙa ganin inda ya fito. Ya tara su a kwali. Martina kuwa ta ga takarda a banza, ta riƙa zara tana naɗe awara. Wata yamma wata ɗaliba ta buɗe ƙunshinta a nan gaban teburi, ta ƙwalla ihu, "Laa! Wannan ai Baba mai gadin gidanmu ne!" Martina ta shigo da gudu ta gaya masa, ta manta cewa asirinta ne ta tona. Ya so ya yi faɗa, murna ta hana shi. Karo na farko ke nan da wani ya gane babban mutum a zanensa, ga mai da yaji a goshin.

Amma idon Mama bai tsaya jiransa ba. Damina ta yi nisa, ta fara tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da take sharewa tun tana amarya. Tana zuba ruwa a gefen kofi. In an yi sallama sai ta yi ta juya kai tana neman mai maganar. Shekari yana gani, hankalinsa na tashi.

Ya ce bari ya gwada. Ya ɗauki gefen da ya sani, ya auna, ya juyo da shi gaba yadda littafin ya koyar, ya yi wa ɗaya ɓangaren irinsa. Ya bi tsofaffin coci yana tambaya. Wannan ya ce idon Malam manya ne, wancan ya ce ƙanana, na uku ya ce shi dai muryar ya riƙe. Ya haɗa abin da ya samu ya kai wa Mama. Ta kawo takardar daf da hanci, ta yi ta zagayawa da ita har ta shiga ɗan ramin da ya rage mata.

"Wannan da gani mutumin kirki ne," in ji ta a hankali. "Amma ban san shi ba."

Ya sake wani, ya sake wani. Duk baƙi ne. Na ƙarshen ma miƙo masa kawai ta yi, ta ce Allah ya yi albarka. Wannan ya fi yi masa ciwo.

Ya koma wajen Malama Adenike. Ta duba zanen, ta ce hannunsa ya yi kyau ƙwarai, amma ba wanda zai iya zana abin da bai gani ba, ko ita. Sannan ta tambaye shi, "Ita Maman, ka taɓa zana ta?"

Bai taɓa ba. Ya zana masu gadi, ya zana direbobi, ya zana mai shayi har ya gaji da zama, amma ko sau ɗaya bai kawo Mama a ransa ba.

"To je ka zana ta, tun tana nan."

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, an ci abinci, gida ya yi tsit, Mama na zaune a gindin darbejiya da kayan ƙungiyar zumuntar matan coci a jikinta. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna a gabanta.

"Mama, in kin yarda zan zana ki. Amma fa sai na kalle ki."

"To da can wa kake kallo?" in ji ta. "Yi abinka."

Ya ɗago ido. Wayyo! Ashe akwai ɗan tabo a ƙarƙashin girarta ta hagu. Ashe fatar idonta ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ashe kumatun nan da yake tunawa cike sun zube, bakin ya shige ciki, kuma in ta yi shiru gefensa ɗaya yana ɗan karkata kamar mai shirin tsokana. Matar da ta haife shi, yana gida ɗaya da ita tun ran da ya zo duniya, yau ya fara ganinta. Baƙin ciki ya kama shi, da tsoro, don ya gane saura kaɗan ita ma ta tafi ya rage da silifas da muryarta kawai. Ya sa biro a takarda.

Mama ba ta iya zama shiru ba. Ta kori ƙuda, ta gyara zane, ta tambaya ko an ba kaji ruwa. Don ya tsayar da ita wuri ɗaya ya ce, "Mama, wai yaya Baba yake in ya dube ki gaba da gaba?"

Ta kwashe da dariya. "Gaba da gaba? Wa ya ba ni wannan idon? Gida cike da surukai, ga ku kuna ta zarya. In na kawo tuwo na durƙusa na ajiye na tashi. Shi ma ai da kunyarsa." Bakin nan ya karkata. "A coci ne. Yana ɓangaren maza ina na mata. In ya ɗauko waƙa aka kai amshi, kansa yana gaba kamar na Allah, sai ya gangaro da ƙwayar idon nan gefe, ya nemo ni. Bai taɓa juyo da kai ba, kada dattawa su gani. Tun kafin a kai kayana ya fara. Har Lahadin da ya yi ta ƙarshe bai fasa ba."

Biro ya tsaya a hannun Shekari. Ya san wannan kallon! Ya san shi kamar yunwar cikinsa. Duk Lahadi, da an kai amshi, sai ya ga idon nan ya gangaro ta wajensa, shi kuwa ya yi maza ya daina kaɗa ƙafa, ya miƙe zaune, ya buɗe baki yana waƙa da ƙarfi don kada a ja masa kunne.

"Mama! Ashe ba ni ake harara ba?"

"Kai a su wa?" in ji ta. "Ta saman kanka yake wucewa."

Martina da ke wanke tukunya a bakin rijiya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ya ƙarasa zanen Mama a ranar, kuma ya fita, ita ce sak. Washegari ya tafi rumfarsa a Muchia, ya ɗauko allo mafi girma da yake da shi, ya shafe shi da farin fenti. Ya san idon Mama ba zai ga siririn layi ba, don haka ya ɗauki buroshi mai kauri da baƙin fenti, irin aikin da ake hangowa daga tsallaken titi. Goshi, hanci mai tudu, ƙaramin kunne, duk hannunsa ya san hanya, ba sai ya yi tunani ba. Wannan karon ba askin gayu, furfura ce gajera irin ta dattijo. Ya ɗan buɗe bakin, kamar ana tsakiyar amshi. Ya bar idon sai ƙarshe. Ya daɗe a tsaye da buroshi a hannu, yana tuna idanun da ya kalla a bencin mai shayi, yadda fatar sama ke bin ƙwaya, yadda ta ƙasa ke tattarewa. Sannan ya gangaro da ƙwayar can lungun ido, wajen mai kallo.

Da fentin ya bushe ya ɗauko shatar keke napep, ya rungumo allon har Hayin Dogo. Rana ba ta faɗi ba, akwai haske sosai. Ya jingine shi da bango a gaban Mama, ya koma gefe ya tsaya kusa da Martina.

Mama ta matso da kujera. Ta fara juya kai a hankali, tana bin allon da ɗan ramin ganinta. Ta samu kunnen. Ta gangara ta samu bakin. Ta hau ta bi hancin. Sai kanta ya tsaya cak.

Can sai hannunta ya tashi, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ja shi ya rufe furfurar da ta leƙo. Ta sunkuyar da kai, tana murmushi, hawaye na bin kumatunta.

"Haba, Malam," in ji ta ƙasa-ƙasa. "A gaban yara?"

Martina ta toshe baki da gefen zane ta shige ɗaki. Shekari ya tsaya, bai kawar da ido ba.

Da aka zo ratayewa ya ɗauko ƙusa zai buga a bangon da ke fuskantar kujerarta. Ta ce a'a, ba nan ba. A kai shi bangon da ke damanta, nan ne ɓangaren maza.

Shekari yana nan yana zane. Har yanzu da safe yana zama a bencin mai shayi da biro, har yanzu littafi ɗaya ne a waje. Ya fara yi wa makarantar Lahadin cocinsu hotuna, dattawan ciki kuma duk da fuskokinsu, har akan yi gardama a kan wa aka zana. Idon Mama ya ƙarasa rufewa bayan girbi. Allon yana bangon dama. Kullum da safe Martina kan riƙo hannunta ta kai ta bakin kujera, ita kuwa ba ta zama sai ta gyara ɗankwali.